Ranar da Na Sauko da Tuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da kuwa mutanen Malanville sun yarda su manta, abin da ban ga alamarsa ba har yau.

Lokacin ina neman shugabancin ƙungiyar iyayen yara a lakwal ɗin unguwarmu, wato makarantar boko. Abokin takarata Alhaji Mamman mai albasa ne, mutumin da bai taɓa zama kan benci ba. Ni kuwa na yi lakwal (ban daɗe ba, gaskiya, amma na shiga ta ƙofa, na kuma fita ta taga). Da na ji malamin ajin jikata Rakiya bai zo ba, direkta, shugaban lakwal, kuma ya tafi asibiti Kandi a cire masa haƙori, sai na ce yau iyaye za su ga bambancin mai ilimi da mai albasa.

Na shiga aji, na ɗauki alli. "Yau tutar ƙasa za mu zana. Ba wadda ta sandare kamar busasshen kifi ba. Mai kaɗawa!"

Na ja tsanwa a gefen sanda, ruwan ɗorawa sama, ja ƙasa, na lanƙwasa layukan da duk gwanintata. Rakiya ta ɗaga hannu.

"Kaka, wanga zanen Inna ne bisa igiya?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce su fito fili su ga ta gaske. Iskar kogi na kaɗa ta kuwa, amma tana can ƙololuwa, yara na ta ƙifta ido cikin rana. Sai hikima ta zo mini. Na kwance igiya, na sauko da ita daidai tsakiyar sanda, na ɗaure. Yara suka zauna a ƙasa suna zane, ni ina zagayawa hannu a baya kamar sufeto.

Ashe tuta a rabin sanda, wai babban mutum ne ya rasu. (Wannan darasi, ina jin, an yi shi ne bayan na fita ta taga.)

Wani jandarma da ke wucewa bisa moto ya taka birki, ya ƙame, ya sara. Ni ma na sara masa, na ɗauka ni ya gani. Ya tambayi mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ina direkta, ta ce yana asibiti. Shi ke nan. 'Yan kabu-kabu suka ɗauki labarin wai direkta ya rasu, kafin azahar ya gama kasuwa, har an ce ya haye gada zuwa Gaya.

Sai ga tabarmi. Sai ga mata da lulluɓi. Sai ga matar direkta an riƙo ta tana kuka. Ni kuwa da na ga taro, na gyara hula, na ce a raina iyaye sun zo ganin aikina. Da na ji ana salati, na zauna ni ma na ɗaga hannu, har da ƙwalla, don mutumin kirki ne.

Muna cikin addu'a marigayi ya sauko daga mota, kumatu a kumbure, auduga a baki.

"Wa ya rasu?"

Alhaji Mamman ya ce, "Kai, ranka shi daɗe."

Direkta ya dubi matarsa, ya dubi sanda. "Wa ya taɓa min tuta?"

Na duƙar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Da ma zan tsira, sai yara suka ɗaga allunansu don a yaba musu. Kowane allo, tuta a rabin sanda, tana kaɗawa da kyau. Rakiya ta ƙara da cewa, "Kakana ya koya muna!"

Alhaji Mamman ya ci zaɓe ba hamayya. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna biyu, ya sassauta murya: "Malam, ina haƙurinmu?"

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi: in yaro bai hango tuta ba, ka ɗaga yaron. Ita ka bar ta inda gwamnati ta rataye ta.