Ranar Da Aka Jawo Ni Da Ƙugiya A Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara haɗa ido da uwar mijina, kuma ko na so in manta ita ba za ta bari ba. Mutane suna haɗuwa da surukansu a falo, an turara ɗaki, an jera lemo da cincin. Ni a cikin rami na haɗu da tawa, a tsakiyar unguwar Aldwych da ke London, motocin bas suna wucewa ta saman kaina.

Ni injiniyar lantarki ce. Kamfaninmu binne wayoyi yake yi a ƙarƙashin titi. Wayar wuta mai kauri kamar damtsen ƙato tana da bututunta, wayoyin bidiyo da na data suna da nasu, amma duk rami ɗaya suke kwana. Aikina shi ne in tabbatar ba su matsu da juna ba, don in suka matsu wutar tana iya dagula wa mutane hoto, kuma wanda zai zo gyara wata rana yana iya saran wadda ba ita ba ya tafi lahira babu shiri. Wannan tazarar kuwa ba a auna ta daga kan kujera. Sai an sa takalmin roba, an kifa hular kwano a kan ɗankwali, an shiga ramin. Ina son aikina, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Mustapha ne ya ɓoye shi, shi ma ba da ƙarya ba. Mustapha shi ne wanda zan aura a lokacin, likita ne a Tottenham. Abin da ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Binta, shi ne, "Injiniya ce, a Aldwych take aiki." Gaskiya ce tsantsa. Sai dai kafin maganar ta isa Kano ta samu kujera mai juyawa da sakatariya. (Na ce masa ya ƙarasa mata bayani, ya ce in bari ta fara ganina tukuna. Likita guda, amma in aka zo maganar uwarsa jikinsa rawa yake.)

Hajiya ta zo London takanas don ta gan ni kafin a sa rana. Mustapha kuwa tun farko ya faɗa mini ba zai auri wadda uwarsa ta girgiza wa kai ba, kuma na san ba wasa yake ba. An shirya za mu haɗu ranar Asabar a gidan Gwaggo Rabi da ke Edmonton, wadda ta riƙe ni tun zuwana ƙasar nan. Na ɗinka atamfa, an yi mini lalle, har gaisuwa na yi ta gwadawa a gaban madubi.

Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa, ramin ya tara taɓo har idon sawu. Ina ciki da abin awo a hannu, ga sabbin bututunmu a gefe, ga wata tsohuwar wayar wuta da muka tarar a wurin, wadda har lokacin da wuta a jikinta. Sai na ji murya daga sama.

"Anti! Anti, ke ce?"

Na ɗaga kai. Hauwa ce, ƙanwar Mustapha, wadda take karatu a jami'ar da ke unguwar. Yarinyar nan ba ta da mugunta ko kaɗan, hankali ne dai bai gama isowa ba. Ta fito da Hajiya ganin gari, sun sauko daga bas daidai shingen ramina. Ta kamo hannun wata dattijuwa mai leshi ruwan toka da mayafi, ta nuno ni da yatsa tana murna.

"Hajiya, ga ta nan! Ita ce ta Yaya Mustapha. Kin ga ba sai mun yi waiting har Saturday ba."

Hajiya ta leƙo. Ta dubi hular kwanon, ta dubi rigar ruwan ɗorawa mai ƙyalli, ta dubi lallen da ke hannuna wanda laka ta rufe rabinsa.

To, a nan tarbiyya ta kwace sitiyari daga hannun ilimi. Ba a gaida suruka a tsaye. Wannan ba a kaina yake ba, a gwiwoyina yake. Ban san lokacin da na zube ba, na durƙusa cikin taɓo na sunkuyar da kai, ruwan sanyi ya cika mini wando.

"Ina wuni, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta, da wata irin murya siririya. "Ya aiki?"

"Da godiya. Ya gajiyar hanya? Ya aka baro su Alhaji?"

Abin da na manta shi ne yadda abin ya kasance a idon wanda yake nesa. Declan, shugaban ma'aikatanmu, Baturen Ailan ne mai tsananin bin doka. Abin da ya gani shi ne injiniyarsa tana tsaye kusa da waya mai wuta, sai kawai ta sulale ƙasa kai a sunkuye, ba ta ƙara motsi ba. Dokar aikinmu a kan wannan a fili take, ni da bakina nake karanta musu ita kowace safiya: in mutum ya faɗi kusa da wuta, kada ka taɓa shi da hannu, ɗauko sandar ceto. Wata doguwar sanda ce da wuta ba ta bin jikinta, da ƙugiya a baki kamar ta tsinko mangwaro.

Na ji an busa usur, na ji injin haƙa ya mutu, na ji ana gudu. Ban ɗago ba, don Hajiya ba ta ce in tashi ba. Ina cikin cewa "Ya mutanen gida?" na ji abu ya zagaye mini ƙugu. Declan ya diro can ƙarshen ramin da sandarsa, ya fizge ni da iya ƙarfinsa. Na tafi da baya a zaune, ƙafafu a sama, ina sharar taɓo da mazaunaina, takalmi ɗaya ya tsaya a inda na bar shi. Kuma wallahi, Allah shi ne shaida, bakina bai daina ba. Ana ja na ina cewa, "Duk suna lafiya? To madalla!"

Mutum ɗaya ne cikin ma'aikatan ya gane abin da ke faruwa, Baba Issaka, dattijon Zangon Kumasi da ke tuƙa mana injin. Yana ta ihu, "Declan, ka bar shi! Ba wuta ba ne, gaisuwa ne yana yi!" Da Hausarsu ta Kumasi, wadda ba ta raba mace da namiji, yake gaya wa Bature, kuma dariya ta hana shi fassarawa. Mutanen da ke saman bas mai bene sun manna fuska a gilashi. Hauwa ta toshe baki. Hajiya ta ce, "Innalillahi," ta ja mayafinta ta juya. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har hawaye sai da suka zubo mini.

Washegari Gwaggo Rabi ta zaunar da ni. "Gobe ki ce mata na ɗan lokaci ne, an kusa mayar da ke ofis. Ki ba ta haƙuri." Mustapha ma ya kira yana inda-inda a kan abu ɗaya. Nan kunyata ta koma haushi. Haƙurin me? Sata aka kama ni ina yi?

Ranar Asabar na sa atamfata na durƙusa a kan busasshen kafet. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "An ce mini injiniya ce ke."

"Injiniya ce, Hajiya. Kuma ramin da kika gani shi ne ofishina. Ba na ɗan lokaci ba ne, ba kuma zan bari ba. Fitilar ɗakin nan da wayar da kike ganin jikokinki na Kano a ciki, duk ta irin ramin nan suke biyowa. Gara ki sani yau da ki sani bayan an ɗaura."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Mustapha ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta masa magani a can. Ni kuwa na san ina iya rasa shi a wannan zaman.

Hajiya ta daɗe tana juya kofin shayinta. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce take ƙoƙarin dannewa, ta ƙi dannuwa.

"Ni tun da na sauka a garin nan 'hi' ake ce mini a tsaye," in ji ta tana share ido. "Ke kuwa Bature yana jan ki kamar akuya, kina tambayata mutanen gida. Ku sa rana, Rabi. Amma 'yar nan, don girman Allah, in na sake zuwa ki fito daga ramin tukuna."

An yi biki, kuma babu teburin da Hajiya ba ta je ta ba da labarin ba, har da kwaikwayon ƙafafuna. A Kano yanzu Amaryar Ƙugiya ake ce mini, ina kuma amsawa. Declan ya ƙara doka a jawabin safe, wai duk mai niyyar durƙusa wa wani ya fara sanar da shi.

Abin da na koya ke nan: ladabi ma yana son a duba ƙasa kafin a zube. Amma ramin ina ciki har gobe, kuma duk wanda ya leƙo zan gaishe shi. A tsaye.