Wutar da Ba Ta Jin Maganar Kowa Sai Yatsana

Ba zan taɓa mantawa ba da sanyin shekarar da aka rufe iyaka, lokacin da ko ƙusa ta yi wuyar samu a kasuwar Madawa. A wannan sanyin ne matar taubashina Idi ta haihu a Azarori, aka kira ni in yi addu'ar suna, domin limaminsu ya tafi ganin likita. Na ɗauko farar babbar rigata, wadda ba ta fita sai da dalili, na tafi.

Idi ya daɗe yana bida a Aljeriya, ya dawo da wata na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, yana ce mata shofaj. Da hantsi ya girke ta tsakiyar zaure saboda tsofaffi. Sai dai ta ƙi zama. A danna maɓalli wuta ta kama, a ɗaga yatsa ta mutu. Kowa ya gwada, haka.

Da na yi shiru da na tsira. Amma na gyara rawani, na shaida wa jama'a cewa abin da ya ratso hamada ba ya zuwa shi kaɗai, akwai mai hure ta wanda ido ba ya gani (Allah Ya yafe mini, ni kaina na yarda da maganar sa'ad da nake yin ta). Na yi bisimilla, na danna, na kama karatu. Wuta ta tsaya ja wur. Zaure ya ɗauki kabbara. Wani dattijo mai tari ya matso da tabarmarsa yana sa mini albarka, ya ce rabonsa da jin ƙafafunsa tun girbin gero.

Idi ya sunkuyo ya ce, "Malam, kada dai ka ɗauke hannun nan mai albarka."

Ban lura yana cije leɓe ba.

Aka raba goro da dabino, ni ina tsugune, yatsa ya yi fari. Aka kawo koko, ya wuce ni. Can aka ce rago na jira, a raɗa suna. Nan fa ake yin ta, domin ba a roƙon Allah da hannu ɗaya gaban jama'a, in kuwa na saki, wuta ta mutu, albarkata ta bi ta, tsohon nan kuma ya koma rawar ɗari. Sai dabara ta zo mini, irin wadda Shaiɗan ke bayarwa kyauta. Na zauna dirshan, na miƙa ƙafa, na ɗora babban yatsa a kan maɓallin, na ja riga na lulluɓe ƙafar don kada a gani. Na ɗaga hannu biyu.

Na yi wa jaririya addu'a mai tsawo (in na samu jama'a ba na iya taƙaitawa). Ina cikin roƙa mata miji nagari sai ƙauri ya tashi. Na ji wani a baya yana faɗan mahauta sun fara babbaka tun ba a shafa fatiha ba. Ni ma na yi musu tsaki a zuci. Sai da zafi ya kai ƙwauri na gane ni ne ragon.

Yadda na miƙe, ko samari ba su yi. Shofaj ta mutu nan take, riga kuwa ta ci gaba da ci ba tare da an danna mata komai ba. Dattijon mai tari shi ya juye mini butar alwala. Sunan yarinya a tsaye na faɗe shi, ina ɗiga.

Bayan an watse Idi ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar tsinke a bakin wutar, wai tarmokuful. Shi ne ke jin zafi ya riƙe ƙofar gas a buɗe. In wuta ta mutu ya rufe, don kada gas ya kashe mutane. Nasa ya lalace tun a hanya, ya daina jin zafin, mai gyara kuma ya ce sabo ba ya samuwa sai an buɗe iyaka. Duk ya sani.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa.

Ya ce, "Ka tuna ranar ƙarshe ta gasar kokowa, ana saurare a rediyo, da ka ɗora ni bisa rumbu in riƙe wayar rediyo tun azahar har la'asar, wai jikina na jawo murya?"

Na tuna. Muna samari ne, kuma rediyon lafiyarsa lau.

"To, mun biya juna," in ji shi, ya miƙo mini ƙafar rago.

Na karɓa, don hakki ne. Rigar tana nan, na mai da ita 'yar shara. Yanzu in abu ya lalace nakan yi addu'a kamar kullum, amma hannuna cikin aljihu, sa'an nan in tambaya ko akwai mai gyara. In kuwa taubashi ya yabi albarkarka, duba bakin rigarka.