Ranar da Madubi Ya Cire Hula

"Lafiya lau, amarya. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Wa nake ji kamar Madubi?"

Illo ya tsuguna a bakin rumfa, hularsa a danne har gira. Kakarsa Ɗelu tana zaune kan tabarma tana ɓarar gujiya, Atika matar kawunsa kuma tana gefe tana bandar kifin tabki. Da hantsi ya taso daga Maraɗi, ko a tashar Madarumfa bai tsaya gaisawa ba, ya zarce gidan.

Sunan mijinta marigayi aka sa masa, don haka Ɗelu ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba. Tun yana yaro laƙabi take ba shi, in wannan ya tsufa ta sake wani. Da gashin gaban kansa ya fara zubewa, ya yi sanƙo irin na kakan, sai ta raɗa masa Madubi. Shi wannan ya ƙi tsufa. Ya bi shi tasha, ya bi shi Ɗan Isa da Jibiya inda yake kai kaya, har wata rana 'yarsa Farida ta dawo daga lakkwal, makarantar boko, tana kuka, wai yara suna ce mata ɗiyar Madubi. Bara, da ya raka ubangidansa sarin kaya Turkiyya, sai ya sa aka yi masa dashen gashi. Ɗelu ta rantse a gaban Atika cewa ranar da gashi ya tsiro a wannan faƙo, ita da ta sa sunan ita za ta cire shi. Kowa kuwa ya sani, sunan da Ɗelu ta sa ba mai cire shi sai ita.

"Na zo karɓar alkawari," in ji Illo.

"Wane alkawari? Na aure? Na fasa. Ba ni zama da mijin da in ya sunkuya rana ta kashe mini ido."

"Wane idon? Wanda aka ce shekaranjiya kin gaida turmi da shi, kina ce masa Malam Garba ina kwana?"

"Turmin ya fi ka gashi."

Atika ta juya kifi tana dariya. "Ni dai ba ruwana, Iya. Ban gaya wa kowa ba."

"To in cire hular?" Illo ya kai hannu, sai kuma ya fasa. Ya daɗe yana jiran ranar nan, ba zai yi mata gaggawa ba.

"Bar ta. Na san abin da ke ƙarƙashinta, ni na yi jinyarsa. Atika, kin tuna ranar da ya dawo? Ya ƙi zama Maraɗi don kada abokansa su gan shi, ya shigo mini gida da lema kamar amarya. Kai a aske ƙwal, ƙeya a naɗe, gaba kuwa ɗigo-ɗigon jini kamar kaji sun samu tsaba a kai."

"Ba kaji ba ne, likita ne. Daga ƙeya ake ciro gashin da saiwarsa, ɗaya bayan ɗaya, a dasa a gaba. Wuni guda ana yi, ina kwance ido biyu ina jin hirarsu."

"Ido biyu ana huda maka kai?"

"An yi allurar kashe zafi. Ita kaɗai ce ta yi zafi, ita ma ko motsi ban yi ba."

"Kai ɗin? Kai da ka hau rumbu ranar da wanzami ya zo yi maka kaciya, sai da aka sa tsani?"

"Iskar sama na je sha."

"Ka sha. Kwana biyu da zuwansa goshi ya kumbura, kumburin ya gangaro ya rufe ido. Na shiga kai masa kunu, na ce wa ya sako mini kwaɗo a ɗaki."

"An gaya mini zai kumbura, an ce zai sace, kuma ya sace."

"A zaune yake kwana, jingine da buhun gerona, kamar mai gadin kanti. Ba hula, ba shiga rana, ba susa. In ƙaiƙayi ya taso masa sai in ga ƙato yana susar tabarma."

"Da na sosa kan, da na tuge abin da aka dasa."

"Salla ma a zaune. Ni tsohuwa ina kai goshi ƙasa, saurayi yana ishara."

"Kwanaki kaɗan ne, kuma sai da na tambayi malam. Ki faɗi gaskiya dai, wa ya riƙa zuba mini ruwa da ludayi, a hankali, kamar mai wankan jariri?"

"Ni."

"Don kina sona."

"Don kada ka mace mini a ɗaki a ce ni na cinye ka."

Ta watsa ɓawon gujiya gefe, ta gyara zama. Illo ya san inda za ta, ya sunkuyar da kai.

"Sai ɓamɓaroki ya faɗi, 'yan gashi suka bayyana tsaye-tsaye, mutum ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Wata bai cika ba suka zube kaf. Da tsintsiyata na share su. Na ce Madubi, ka haye teku ka sayo shara."

Wannan karon Illo bai rama ba. Tun can likita ya gaya masa gashin zai zube, saiwar tana ciki, sai bayan wata uku ko huɗu sabo zai ɓullo, cikarsa kuwa sai shekara ta zagayo. Ya ji da kunnensa. Amma ranar da ya farka ya ga gashin a kan matashi, maganar likita ta yi masa nisa kamar garin da aka faɗe ta. Ya koma tasha da hula, direbobi suka ƙara wa sunan wutsiya, suna ce masa Madubi mai zane. Ya daina zuwa Madarumfa, sai gaisuwa ta waya. Kullum da safe yakan rufe ɗaki ya ɗauki hoton kansa ya duba. Da farko ba komai. Daga baya wani laushi-laushi kamar gashin jariri. Daga nan kuma ya daina ɗaukar hoto, ya koma neman wanzami.

"Kin gama?" ya ce.

"Ina da saura, amma na ji tausayinka."

Ya cire hular, ya ɗora ta a gwiwa.

Atika ta yi salati a hankali, ta tsaya da kifi a hannu har sai da ya ƙone ta. Baƙin gashi ne cunkus tun daga goshi, an yi masa gyaran fuska tsaf.

"Me aka yi? Atika, me kika gani?"

"Iya, sai dai ki taɓa da kanki."

"Matso nan."

Ya matsa. Ta ɗora tafin hannu a inda ta saba ƙwanƙwasawa da yatsa ta ji ƙara, hannun ya nutse.

"Wutsiyar akuya ce aka liƙa maka da ƙaro."

"Akuyar wa? Taki da ta fi ni sanƙo?"

"To hular gashi ce irin ta matan birni."

"Ja ki gani."

Ta damƙa ta ja da ƙarfinta duka. Illo ya yi ƙara, ya biyo hannun har ya kusa kifawa cikin gujiya.

"Ashe yana da rai," in ji ta. "Ga wanda ko motsi bai yi ba a gaban likita."

"Likita bai da mugunta."

Ta juya kansa kamar mai zaɓen kankana, ta shafa ƙeyar. "Nan fa da aka kwashe?"

"Ya rufe, sai dai ya ɗan yi shara-shara. An ce abin da aka ɗiba a nan ba ya dawowa, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. Wanda sanƙonsa ya kai ƙeya ba shi da irin da za a dasa."

"Kakanka ba shi da iri ke nan."

Ta faɗe shi da wasa, amma hannun bai bar kan ba. Illo ya bar ta. Hayaƙin banda yana ratsa rumfar.

"Ku dai da sanƙo kuka san Malam mijina," ta ce. "Ni da gashi na san shi. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu a Safo, kan nan kamar an shafa masa baƙin tukunya, har da tsaga a gefe. A kasuwar Katsina ya sayi mataji don ya riƙa gyara kai saboda ni. Ban yaye ɗan fari ba gashin ya tafi. Amma matajin bai bar aljihunsa ba har ya koma ga Allah. Duk Juma'a sai ya tsaya ya taje 'yan ukun da suka rage masa a bayan kunne, ina dariya yana harara ta."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Kai ma ba ka taɓa yin gashin da za a gaya maka ba. In ka sunkuya gaishe ni, kansa nake gani. Shi ya sa sunan ya ƙi tsufa a bakina. Ban san ya kai ga ɗiyarka ba sai da kukanta ya zo mini."

"To yanzu na ɓata miki ke nan. Na kore shi daga kaina."

"Ka kori tsohon." Ta sake tura yatsunta cikin gashin. "Ka kawo mini wanda ya zo Safo. Atika, shiga ɗaki, cikin adakata, ƙarƙashin farin zane. Akwai ƙullin tsumma."

Atika ta dawo da shi. Ɗelu ta kwance da haƙoranta biyu da suka rage. Mataji ne na ƙaho, ya yi santsi don riƙo, haƙori ɗaya ya karye. Ta danƙa masa a hannu.

"Ke kuma in kin kai kifi tasha da la'asar, ki gaya wa direbobi da masu shayi, ki biya famfo ki gaya wa mata. Ki ce in ji Ɗelu, Madubi ya fashe. Wanda ya sake faɗa, shi zan raɗa wa nasa, kuma ya san ba ya fita."

"Me za a riƙa ce masa, Iya?"

"Ango. Yarinyar kuma ɗiyar Ango."

Illo ya juya matajin a hannunsa, ya shafa gurbin haƙorin da ya karye. Da ya ɗaga ido, murmushi ya dawo.

"To amarya, tunda an maida aure, baɗi zan tafi da ke can. Na ji suna dashen haƙora."

"Daga ina za su ciro? Daga ƙeyata?"

"Daga matajin nan. Shi ma ya fi ki."

Dariya ta ƙwace mata har dasashi ya bayyana, ta ɗebi gujiya ta watsa masa a kai. Ƙwaya biyu suka maƙale a gashin, ba su gangaro ba.

"Kin gani, Atika? Da can sai su zame har ƙofar gida." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Na sallama. Tashi tsaye ka taje, Ango, in gani. Ka yi tsagar a hagu."