Ragayar Wayar da Na Yi wa Inna

Shekarar da aka fara ɗaure auduga da waya a Gusau, na tsinto guntaye na koma Bungudu da su, ina jin duk ƙasar babu maƙerin da ya kai ni basira. Na ce zan yi wa Inna ragaya mai hawa uku, wadda ɓera ba zai ci ba.

Tsohuwar ragayarta ta igiya ce. A cikinta take rataye ƙore huɗu na jeren yayata Hassi, wadda ta rasu wajen haihuwa. Kullum sai ta sauke su ta goge.

"Bar mani abina, ɗan nan," in ji Inna. "Igiya ta san cikin ƙwarya."

Na yi dariya, na yanke igiyar, na rataya tawa. Har maƙwabta na kira su zo su ga aiki. Ashe igiya matse ƙwarya take yi in ta ji nauyi, waya kuwa santsi gare ta. Ina ɗora ta huɗun, hawan sama ya karkace, duk suka zubo suka tarwatse a kan daɓe, a gaban jama'a.

Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ta durƙusa tana tsince sakaina a bakin zanenta, ta ce, "Ba komi. Mai su ma ta riga su."

Har yau in na shiga kasuwar Tsafe, masu ƙore sai su kife a kan kayansu suna ihu: "Ku riƙe ƙorenku, ga Sarkin Ragaya nan!"

Nakan taya su dariya. Ban taɓa gaya musu ƙoren wa na fasa ba.