Ƙwaryar Hajo a Ramin Tarwada

"...lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gajiya? To ya kwanan kwaɗin naka, maigida?"

Hajo ce ke wannan gaisuwa, tana dogare da sanda a bakin ramin tarwadar da take kira kwaɗi, wanda jikanta Shitu ya haƙa a fadamar Turawa, shekarar da aka tare ruwan Challawa kowa ya wayi gari masunci. Sunan marigayi mijinta yaron ya ci, shi ya sa ba ta kiransa sai maigida, shi kuma ba ya raga mata. Fadamar ta kawunsa Barau ce, aro ya ba shi da sharaɗi: in tarwadar ta mutu, a cike ramin a dasa rake. Hajo kuwa ba kifi ya kawo ta ba, don Bafulatana ce, ko ƙarninsa ba ta so. Ƙwaryar kindirmonta ce ta ɓata, kuma ɓarawo ɗaya ta sani a zuriyarta.

Shitu na tsugune da ƴar kwalba a hannu, fuska a murtuke, ga buhun toka a gefe.

"Tsohuwa, yau ba ni da lokacin kwarkwasarki. Ruwana ba lafiya."

"Ayya! Zazzaɓi yake yi ko tari?"

"Tsami ya yi. Ga abin gwaji na sayo a Kano. Ki ɗebi ruwa, ki ɗiga maganin nan, ki gwada da wannan kati. Kore lafiya, rawaya tsami. Kin ga? Rawaya!"

Ta karɓi kwalin abin gwajin, ta nisanta shi da ido. Wasu kifaye ne a jiki, ja da shuɗi, suna yawo cikin duwatsun teku masu kama da furanni.

"Waɗannan ai amare ne, har da jan baki. Naka kuwa masu gashin baki kamar dogarai. Ka tabbata likitan amare ya san ciwon dogari?"

"Jahilci! Ga shi a rubuce, cikin gwaji ɗari, casa'in da tara gaskiya yake faɗa."

"Shi ya yabi kansa da kansa? To ɗayan da ya rage fa?"

"Ɗaya tak, me za ta yi?"

"Da irin sa'arka, ita za ta tsallake duk mutanen Karaye da Rogo ta faɗo kanka. Kakanka ma cikin magana ɗari ɗaya kawai yake ƙarya, amma da ita ya aure ni."

"Allah ya jiƙansa, ya sha wahala. Matsa, zan zuba toka ta kashe tsamin."

Hajo ta dubi buhun. Ba ta san kifi ba, amma ta san toka, kuma ta san Barau ɗanta ne, tun bara yake lashe baki a kan fadamar nan.

"Toka dai da majema ke tuge gashin fata da ita? Buhu guda?"

"Abin gwaji ne ya ce."

"Su kwaɗin sun ce? Ga su can suna ta tsalle kamar an yi musu albishir."

"Kifi ya san ilimi ne? Sau uku na gwada. Tsaya ki gani da idonki, in yana aiki."

Ya sa hannu cikin ciyawa, ya zaro ƙwarya, ya kamfato ruwa. Hajo ta saki sanda.

"La ilaha! Ƙwaryata! Ɓarawo ɗan ɓarauniya!"

"Ƴarki kika zaga. Kuma kayan mata ai na miji ne."

"Miji? Mijin da ko zanen gwanjo bai taɓa saya mini ba? Ka san wace ƙwarya ce wannan? Tun ina amarya a Kurugu sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Da yamma a zuba mata madara, da safe a tarar da kindirmo mai yanka harshe. Ko ruwan sama ka tara a ciki sai ya yi tsami, shi ne za ka tsoma ta cikin..."

Ta katse maganar, don ta ga bakin Shitu ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ya dubi ƙwarya, ya dubi kwalba, ya dubi buhun toka. Sai ya ɗauraye kwalbar, ya tsoma ta kai tsaye cikin ramin, ya ɗiga magani. Ruwan ya yi kore shar.

"To, likita," in ji Hajo, wadda sai yanzu ta gane abin da ta faɗa, "me amaren suka ce?"

"Abin gwajina dai bai yi ƙarya ba! Tsami aka ba shi, tsami ya faɗa."

"Ƙwarai. Casa'in da taran nan nasa ne. Ɗayan da ya rage ga shi tsugune da wando a jiƙe. Ni dama tun daga gida na san haka, shi ya sa na taho."

"Ƙarya! Ƙwarya kika biyo."

"Cikin ɗari, wannan ce ɗayata."

Shitu ya zauna a kan buhun toka, ya yi dariya har da hawaye. Ba duka na dariya ba ne, ya ga abin da ya kusa yi da hannunsa.

"Na sallama, uwargida. Babbar tarwadar farko taki ce."

"Tir! Ka kai wa amaren kwali."

Ta ɗauki ƙwaryar ta shinshina. Ƙarni ya riga ya shige ta, ba za ta ƙara riƙe madara ba har abada. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, don Shitu na farko ne ya saya mata ita a kasuwar Karaye. Ta shafa bakinta da yatsa, sannan ta kifa wa Shitu na biyu a ka.

"Riƙe, ka riƙa zuba wa dogaranka dusa. In kuma Barau ya zo da zancen rake, ka ce masa uwarsa ta sa ƙwaryarta a ramin nan. Ya zo ya cike mu gani."