Zakin Kwalta Yana Neman Mai Tsayar da Shi

Allah ya albarkaci garin nan da manyan mutane, amma a cikinsu kaf babu wanda ake jin zuwansa tun daga layi na uku sai Zakin Kwalta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa aka rubuta da jan fenti a gilashin bayan motarsa don kada wani ya manta. Matan layinsu kuwa, da yake ba su san darajar inji ba, Tada-Jarirai suke kiransa. Abin bai taɓa ɓata masa rai ba, domin in ya kunna mota ba ya jin komai.

Motar ta kawunsa ce, Allah ya jiƙansa, dattijon da ya yi shekara ashirin yana kai 'ya'yansa makaranta da ita ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube shi. A ganin Zaki babu wulaƙancin da ya kai wannan. Da ta faɗo hannunsa sai ya shiga yi mata gata. Ya sa aka yanke salansa. Aka sauke ta ƙasa har kyanwa ta daina kwana a ƙarƙashinta. Aka baƙanta gilasai har shi kansa sai ya sauke na gefe kafin ya sha kwana. Aka jera mata shuɗɗan fitilu, aka cika but da sifikoki, aka kafa mata fiffike a baya mai faɗin teburin guga. Ya ce fiffiken ne ke danne ta kada ta tashi sama in ya taka wuta. Fiffiken kuwa ya riƙe amana, don har yau ba a ga ta tashi ba.

Da rana wannan bawan Allah yana aiki ne a ɗakin ajiyar fayil na wani ofis, ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, daf da banɗaki. Shekararsa tara a can, amma har gobe manaja "kai wannan" yake ce masa. A gida ma ba a san shi da zaki ba. Matarsa ta daina shiga motar tun ranar da ya sauke ta da yara sau huɗu a hanyar gidan iyayenta, don motar ba ta iya haye tudun rage gudu da mutane a ciki. Surukarsa ta gwada sau ɗaya, ta yi kwana biyu kunnenta yana ƙugi, ta ce daga yau ta gode, ƙafarta ta ishe ta.

To, a duk faɗin duniyar Zaki, mutum iri ɗaya ne ke miƙewa tsaye in ya hango shi, ya tambayi cikakken sunansa, ya karanta a takarda da ƙarfi, ya sake duban fuskarsa: ɗan sanda. Sauran masu irin motarsa in aka tsayar da su a shinge sai su yini suna tsaki. Shi kuwa baki har kunne. Abin da ban tausayi in ka zauna ka yi tunani, sai dai Zaki ba ya barin mutum ya ji tausayinsa na minti biyu.

Duk yammacin Asabar masu motocin kwalliya kan taru a filin bayan tsohon gidan mai. Nan Zaki kan jingina da ƙofar motarsa, ya kaɗa makulli a yatsa, ya buɗe majalisa.

"Ku fa yara ne a harkar nan," in ji shi. "Akwai motar da ɗan sanda ke gani da ido, akwai wadda yake ji a ƙirjinsa. Ni kafin in iso shinge an riga an miƙe. Sajan ya ajiye shayi, kofur ya gyara hula. Manyan gari sai su wuce da jiniya, babu mai ko tambayar lafiyarsu. Tawa kuwa sai an zagaye ta, an leƙa, an shafa, an kira na cikin rumfa ya fito ya gani. Ku kuke kiransa tsayarwa. Ni tarbar baƙo nake kiransa."

Ana cikin haka sai Baba Mai Walda, wanda ya kafa ƙungiyar masu motocin kuma yake shugabancinta tun farko, ya ce idonsa ya gaji, zai sauka. Mutum biyu suka fito neman kujerar. Na farko, ba sai an faɗa ba. Na biyu wani tela ne mai rawayar mota, saurayi marar hayaniya, irin mutanen da Zaki ba ya yarda da su sam, don ba ya gane abin da mutum ke yi da bakinsa in ba magana ba. Aka yi ta cacar baki a kan yadda za a zaɓa. Zaki ne da kansa ya kawo mafita, ya ce kada a wahalar da kowa da ƙuri'a, a bar hukuma ta yi alƙalanci. Babbar hanyar gari tana da shinge uku. Baba da wani dattijon ƙungiya da ake kira Mai Fenti su shiga motar kowane ɗan takara a bi ta. Wanda 'yan sanda suka fi tsayarwa, tasa ce mota, shi ne shugaba.

Ranar Juma'a aka fita da Tela. Aka tsayar da shi a shinge na farko da na biyu. A na uku 'yan sandan suna fama da wata motar kaya da ta toshe hanya, ya wuce salin alin. Da labari ya iso wa Zaki sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Biyu cikin uku! Ya ce wannan ko motar ɗaukar burodi ta fi ƙarfin haka.

Duk da haka bai yi sakaci ba. Ya ƙara fitilu biyu a gaba. Ya saka sabon ham mai kukan jirgin ƙasa. Ya jera takardun mota a cikin sabuwar jaka. Ya yi rabin awa a ƙofar gida yana koyon yadda zai sauke gilashi a hankali, ta yadda fuskarsa za ta bayyana kaɗan-kaɗan. Har riga ya kai aka ɗinka masa, a wurin wani telan daban, an rubuta SHUGABA a baya, ya ninke ta ya ɓoye a ƙarƙashin kujera. Ya ce wa matarsa ta fara sabawa da sunan matar shugaba.

"Allah ya ba da sa'a, Baban yara," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. "Amma in ka dawo ka kashe abin nan tun daga bakin layi. Maƙwabciya ta yi haihuwa."

Asabar da ƙarfe huɗu Zaki ya ɗauki alƙalansa, Baba a gaba, Mai Fenti a baya gwiwa a haɓa, don sifikoki sun ci rabin kujerar. Aka kama hanya, gari yana girgiza.

A shingen farko, kusa da gada, 'yan sanda uku ne a kan benci. Da gurnanin ya iso, ɗaya ya ɗaga kai, ya zunguri na kusa da shi, sai ga su biyu sun duƙufa a kan jarida guda. Na ukun ya kaɗa hannu da sauri, wai a wuce.

"Sababbi ne," in ji Zaki. "Ba a gama ba su horo ba. Zan yi wa na sama da su magana."

A shinge na biyu an tsayar da wata tsohuwa mai ƙaramar mota ana duba takardunta. Jin ham ɗin Zaki ke da wuya aka cusa mata takardun ta taga, aka ce ta tafi, aka janye shingen gefe guda. Wani kurtu ya tsaya yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar kaji daga shanya.

"Kun gani ko?" in ji Zaki. "Hanya suke buɗe min. Wa ake yi wa haka a garin nan?"

"Ɗana," in ji Baba yana sharce gumi, "ba buɗe hanya muka fito dubawa ba."

Yanzu kam ko an tsayar da shi a na uku, ɗaya ne gaban biyu, kuma Zaki ya san lissafin. Amma ya ƙudurta cewa in aka yi masa tsayarwa ta gani ta faɗa, irin wadda ake kwashe rabin awa ana zagaye, zai ce inganci ya fi yawa, kuma yana da bakin da zai kare hakan. Shinge na uku, na bakin shataletale, nan ne wurin sajan ɗin da Zaki ke kira abokinsa. Ya rage gudu. Ya taka totur sau uku har tsuntsaye suka watse daga wayar lantarki. Ya kunna kowace fitila, ya ƙure sauti. Sajan ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Zaki ya zagaya shataletale ya dawo. Wannan karon ya kwance bel, ya kara waya a kunne, ya sauke gilashi don a gani da kyau. Kofur ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Ya sake zagayowa karo na uku, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, har ya fito da hannu ya gaishe su. Ko kallo bai ishe su ba. A kujerar baya Mai Fenti ya cusa hula a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Ran Zaki ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa yi ba ko a ɗakin fayil. Ya karkata sitiyari ya tsaya cak a gaban bencin. Ba wanda ya ce masa ya kashe mota, amma mutum ne da ya san ƙa'ida, ya murɗa makulli. Injin yana yin shiru kofur ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah, ya kashe ta!"

Zaki ya fito da jakar takardu a hammata, ya gyara tsayuwa.

"Sajan, ina son a faɗa min laifin da na yi wa hukuma. Ni ɗan ƙasa ne. Salansata a yanke take, ga ta nan. Gilashina baƙi ƙirin. Fitiluna ba wadda doka ta sani. Na wuce gabanku sau biyu ba bel, da waya a kunne. Me kuma ake so mutum ya yi a garin nan kafin a ba shi haƙƙinsa? Tsohuwa mai ƙaramar mota ana tsayarwa, ni ana korata kamar almuru! In wani ne ya kai sarata, a faɗa min sunansa. Ga takarduna, a duba, a karanta sunana yadda aka saba."

Sajan dattijo ne mai furfura a gefen kai. Ya dubi Zaki, ya dubi tsofaffin fasinjojinsa da suka fito suna miƙe ƙafa, ya sauke ajiyar zuciya.

"Malam, wallahi ba raini ba ne. Umarni ne daga sama, tun ranar Talata. An sanar da kowane shinge. An ce duk motar da aka yi wa irin wannan gyara a tsayar da ita a bincika, ban da taka. Har lambarta aka rubuto."

Nan take ƙirjin Zaki ya sake cika. Ya juya ga alƙalai, ido yana ƙyalli.

"Kun ji da kunnenku? Daga sama! Da lambata! Tela ya kawo tasa takardar mu gani."

"Saboda me aka ware shi, sajan?" Baba ya tambaya a hankali.

"Saboda turi, Baba. Motar nan in ta ɗauki zafi aka kashe ta, ba ta tashi. Kayan da ya jibga mata sun shanye batir. Duk ranar da muka tsayar da shi, sai mun bar aiki mun tura shi, wani lokaci har gidan mai na gaba. Kofur ɗin gada yau kwanansa shida a kwance da ciwon baya. Fiffiken nan ya yaga wa mutum biyu kaki. Ni kaina tun watan jiya ba na iya sunkuyawa in ɗaure takalmi. Mu ne muka haɗu muka kai kuka."

Baba ya juyo ya dubi Zaki sama da ƙasa.

"Ɗana, duk labaran da kake ba mu, wannan ɓangaren ba ka taɓa kawowa ba."

"Sharri ne," in ji Zaki. "Hassada ce tsagwaronta. Ku tsaya ku gani."

Ya faɗa mota ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas, ƙas. A karo na uku ko ƙas ɗin ba ta yi ba, sai shuɗɗan fitilun da suka lumshe a hankali suka mutu. Ta madubi ya hango Baba ya matsa gefe ya ciro waya, kuma da yake yau babu inji, karon farko a rayuwar motar nan ya ji kowace kalma.

"Shugaba? Ni ne. Zo da rawayar motar nan taka ka ɗauke mu a shataletale."

Zaki ya daɗe riƙe da sitiyari. Motoci sun fara taruwa a bayansa suna ham. Ya ƙarasa sauke gilashi, da sauri wannan karon, ya leƙo da kai wajen bencin, ya yi ƙasa da murya yadda bai taɓa yi ba.

"Sajan, yallaɓai, ko za a ɗan taimaka? Kaɗan take so."

Sajan ya koma ya zauna, ya ɗauki kofin shayinsa, ya hura.

"A'a, malam. Yau ba mu muka tsayar da kai ba."