Jifan Birgi a Kan Dutse

Da abokina Malam Haruna ya kafa sabon wasa a duwatsun bayan Wara, na je ganin ƙwaƙwaf. Wai faifan roba ake wurgawa cikin kwandon ƙarfe.

Na ce, "Ni da na shekara ashirin ina jefa ragar birgi a tafki ina kama kifi? Ku matsa."

Na karɓi faifan, na murɗa ƙugu na watsa shi da hannu biyu. Faifan ya nufi tafki, ni kuma sabo ya sa na ja da baya ina janyo igiyar da babu ita, sai ga ni cikin ƙaya.

Haruna ya leƙo, ya ce, "Sarkin ruwa, mi ka kamo?"

Har yau in na sauke kifi, mata sai sun tambaya, "Na ruwa ne ko na dutse?"